Jan Ƙyallen da Yaya Bai Kwance Ba

Tun ranar Laraba da yayana ya rasu, gidansa na unguwar Dar es Salam a Yamai bai rabu da mutane ba. Ƴan'uwanmu na Dogon Dutsi sun iso a mota biyu. Ƴan coci sun zo da kujerunsu. Maƙwabta Musulmi sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida suna karɓar gaisuwa tare da mu kamar nasu ne ya tafi. Direbobin taksi na unguwar Kalle, inda ya yi shekaru yana riƙe da garaji, suna shigowa biyu-biyu, su durƙusa su ce "fonda tilas" da Zabarmanci, gaisuwarsu ta ta'aziyya, su koma gefe. Wani tsoho a cikinsu ya fi awa guda a zaune, akwatin kayan aikin Yaya kawai yake kallo. Wata Hajiya mai sayar da atamfa a babbar kasuwa ta gama ta'aziyyarta lafiya lau, ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo ta tambaye ni wa zai riƙa taɓa mata mota yanzu. Tana faɗa ta rufe baki don kunya. Na ce mata kada ta ji komai, abin da ke cikin kowa ne ya fito ta bakinta.

Ni kuwa abin da ya fi damuna a kwanakin nan tsoro ne. Na yi shekara talatin ina aikin fito da tsofaffin motoci daga tashoshin jirgin ruwa, na zauna Lome da Kwatano, na zauna Beljik, na ɗan taɓa Tarabulus. Na ga yadda mutane iri-iri ke binne nasu. A Beljik mutum goma ne za su tsaya shiru su watse. A Kwatano har kiɗa ake yi. Mu a nan zama muke yi, mu yi ta zama. Amma duk inda na je makoki, a gefe nake. Wannan karon duk wanda ya shigo sai ya duba ina babban gida yake, ya zo ya durƙusa gabana. Babu kowa kuma tsakanina da kabari, sai babbar yayarmu da ke Tondibiya, can bayan gari, wadda yara ke kira Gwaggo, ita ma ƙafa ta daina ɗaukarta.

Ina rubuta wannan don kada a manta da shi, kuma don akwai abin da ya faru ranar Litinin bayan jana'iza wanda ni na jawo shi, ba na so a ba da labarinsa ba da bakina ba.

Yaya mai gyaran buwat ne, abin da mutanen Kano ke ce wa giya, kuma irin mai canza kanta, otomatik. Lokacin da waɗannan motoci suka fara cika Yamai, yawancin masu gyara tsoronsu suke ji. Shi ya zauna ya buɗe guda, ya baje ta a kan tabarma, ya yi sati yana kallo. Bai yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, Faransancinsa na garaji ne, kuma bai taɓa wuce Gaya, garin bakin iyakarmu, ba. Amma na shiga manyan wuraren gyara a Turai, masu farin bene da na'ura, ban ga wanda ke sauraron mota kamar shi ba. Da ƙarfi ya fara raguwa sai ya bar garajin Kalle, ya koma tsakar gidansa, mota ɗaya yake karɓa, sai ta fita wata ta shigo.

Idan ka kawo masa mota zai tambaye ka yaushe rabonka da bidanj ɗin buwat, wato canjin mai. Duk abin da ka ce, zai zaro sandar awo, ya shafa man a farin takarda, ya kai hanci. Man buwat ja ne idan yana da lafiya. Idan ya tsufa ya koma kalar shayi, idan ya ƙone ya yi baƙi yana wari kamar tuwon da ya kama. Sai ya dube ka ya ce, "Ƙara shekara biyu a kan abin da ka faɗa." Bai taɓa faɗin haka da faɗa ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya musa ba.

Aikin kansa a hankali yake yinsa kamar mai wankan jariri. Ya tsiyaye tsohon mai. Ya kwance karte, farantin ƙarfen nan da ke ƙasan buwat, ya sauko da shi a tafin hannu biyu don kada ragowar man ya zube masa a fuska. A cikin farantin akwai ɗan maganaɗisu mai tara garin ƙarfe. Wannan zai kai maka har inda kake zaune ya nuna maka. Idan gari ne mai laushi, ya ce tsufa ne kawai, kowa ma yana yi. Idan ya ji tsini a yatsa, ya yi shiru, kai ma ka san akwai magana. Daga nan ya canza filtir, matatar man, ya wanke farantin ya bar shi ya bushe a rana, ya sa sabon juwan, robar da ke hana yoyo, ya mayar.

A nan ne hanyarsa ta bambanta da ta kowa. Ba ya ɗaure bulon ɗin farantin, wato notikansa, gaba ɗaya a rana ɗaya. Zai zagaya su sau ɗaya, ɗauri mai sauƙi, ya zuba sabon mai, ya bar motar ta kwana. Ya ce juwan sai ya kwana yake zama. Washegari ya shiga ƙasa ya duba ko wani gefe ya yi gumi, ya yi ɗauri na biyu, wannan gefe sannan wancan, ya tada inji ya yi zafi, ya taka birki ya bi da sandar giya gida-gida, ya auna man inji na aiki. Na gaya masa babu littafin da ya ce a yi haka. Ya ce littafin bai hana ba.

Tsakanin ɗauri na farko da na biyu, motar tana nan kamar lafiyayya. Za ta tashi, za ta yi tafiya. Shi ya sa yake ɗaura jan ƙyalle a bolan, inda direba ke riƙewa. Daga tsohon kallabin matarsa ya yago shi, shekaru da yawa da suka wuce, kuma bai taɓa barin a wanke shi ba, har ya yi tauri da mai. Dokar gidan ita ce, idan da ƙyalle ba a tada mota, ko me ya faru sai dai a tura ta. Shi kaɗai ke ɗaurawa, shi kaɗai ke kwancewa. Kowa a gidan ya san wannan, har jikokinsa mata biyu da ba su shiga lakwal ba tukuna.

Mun taɓa ɓatawa a kan wannan aiki, ɓatawa mai tsanani. Na dawo daga Beljik da motata, ina jin kaina, na ce masa wannan buwat ɗin ba a canza mata mai, masu ƙera ta sun rubuta cewa man na har abada ne. Ya tambaye ni ko wanda ya rubuta haka ya taɓa tsayawa a jan wuta a Yamai cikin watan Afrilu da azahar. Mutane na wurin, suka yi dariya. Na ji zafi, na ce masa mutumin da bai taɓa wuce Gaya ba ba zai koya mini mota ba. Na yi shekaru ban bari ya taɓa ta ba. Da ta fara fizga sai na kai ta wani wuri mai na'urar da ke tura sabon mai da ƙarfi ta kore tsohon gaba ɗaya. Yaya ya sha faɗa cewa buwat ɗin da ta tsufa da manta ba a yi mata haka, kaɗan-kaɗan ake sauya mata. Kafin sati motar ta daina shiga giya ta uku. Damina guda ba mu gaisa ba sai a coci. Wata safiya na fito na ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin motata. Yaya ne. Ya gaisa da matata, ya gaisa da mai gadin maƙwabta, ni bai ce mini komai ba sai, "Miƙo kile goma." Na miƙa masa sufanar. Maganar Gaya bai taɓa tayar da ita ba har ya mutu, ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba. Ina ta cewa akwai lokaci.

Matarsa kuwa ƙorafinta ɗaya ne tun suna matasa, warin man nan. Ta ce ya shiga katifa, ya shiga tuwo, ko a coci idan ya zauna kusa da ita shi take ji. Amma ba ta yarda kowa ya wanke masa kayan aiki sai ita. Takan ɗaga wandonsa ta ce yau buwat ɗin da ya buɗe ta ƙone, shi kuma ya ce a ba ta kile kawai ta buɗe garajinta. Ni Mai Yawo take kirana, ni kuma in ce mata Matar Yaya, muna tsokanar juna kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanen miji.

Motata ce ta ƙarshe da ya taɓa. Na kai masa ita ranar Litinin don bidanj da filtir, ya fara aikin ranar Talata. Ranar Laraba da hantsi ya fito daga ƙarƙashinta, ya zauna a kujerarsa jikin bango, ya ce a kawo masa ruwa. Kafin matarsa ta iso da kofi ya tafi. Muka binne shi ranar Asabar.

Ranar Litinin da safe, kafin masu gaisuwa su taru, aka aiko daga Tondibiya cewa Gwaggo ta ƙi cin abinci tun da ta ji labari. Matar Yaya, wadda ba ta fito daga ɗaki ba tun Laraba sai zuwa maƙabarta, ta ɗaura kallabi ta ce ita za ta je ta ba ta da hannunta. Babbar ƴarsu, ma'aikaciyar jinya, ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba Ƙarami, a ara mini motarka?" Na tashi na je na leƙa ta taga. Bolan fes, babu ƙyalle. Na ce a raina ashe ya gama, ɗauri na biyu ne ya shiga yi ranar Laraba. Har wani daɗi na ji, cewa bai bar aiki a rabi ba. Na ciro makulli daga ƙusar da yake ratayewa na ba ta. Jikokin nan biyu suka maƙale wa kakarsu, aka sa su a baya.

Ba su fi minti ashirin da fita ba na zagaya bayan gida in wanke hannu. A kan igiyar shanya, tsakanin tsummokin goge kwanuka, ga wani ƙyalle ja, wankakke, ya bushe yana kaɗawa. Na daɗe ban gane shi ba, don ban taɓa ganinsa da tsabta ba.

Uwar zumuntar matan coci tana wurin tana yanka albasa. Ita da matanta ne suka share gidan ranar Alhamis, suka yayyafa ruwa, suka jera kujeru. Na tambaye ta inda aka samo wannan. Ta ce a motar nan ta gan shi ɗaure, baƙi ƙirin da dauɗa, ga baƙi na zuwa, ga fasto zai zauna daf da wurin, sai ta kwance. Ta ce sau uku ta sa masa sabulu kafin jan ya fito. Tana murmushi take faɗa, don aikin kirki ta yi, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata.

Abin da ya zo mini shi ne wata rana a hanyar Kwatano zuwa Faraku, muna rako jerin motoci. Ɗaya tana yoyon man buwat ba wanda ya sani. Iska tana kwasar man tana watsa shi a bututun hayaƙi mai zafi. Muna bayanta muka ga hayaƙi fari, sannan wuta ta fito ta ƙasa. Direban shi kaɗai ne, saurayi, ya yi tsalle ya fita. Kafin mu tara yashi motar ta zama ƙarfe. A tawa motar akwai tsohuwa mai ciwon gwiwa, da yara biyu a baya waɗanda aka kulle wa ƙofa don kada su buɗe.

Na kira wayar ƴar. Tana shiga ba a ɗauka, ashe tun ranar jana'iza ta kashe mata ƙara. Na kira wayar Matar Yaya, sai na ji tana ƙara a cikin ɗaki, a hannun surukarta mai amsa gaisuwa. Na fita ƙofar gida na duba ƙasa. A kan yashin da motar ta bi akwai ɗigo ja, ɗaya, sai wani can gaba.

Maƙwabcinsu, wani malamin makaranta ɗan Tawa da ya yi ritaya, yana zaune a tabarma da carbi. Ya ga fuskata, bai tambaye ni komai ba sai da muka shiga motarsa. Na gaya masa a taƙaice. Ya ce Allah ya tsare, ya taka. Mutumin da ban taɓa ganin ya wuce keke a hanya ba, ranar nan har masu babur yake yi wa ham.

Ɗigon nan muka bi. A kan guduro, wato kwalta, yana da wuyar gani, sai na fito da kai ta taga kamar yaro. Inda suka tsaya a jan wuta na farko, tabon bai fi tafin hannu ba. A na biyu ya kai faranti. Daga nan ya daina zama ɗigo, ya zama zare, siriri, ba ya yankewa. Na san abin da hakan ke nufi: mai ya yi zafi ya tsinke, bulon suna saki da girgiza. Ko wuta ta kama, ko buwat ta saki motar a tsakiyar hanya, ga manyan kamiyo na yashi da ke bin hanyar nan ba sa iya birki da wuri. Ina jin harsuna biyar, amma addu'ar da ta fito mini a motar nan ba ta wuce kalma biyu ba, ina ta maimaitawa. Malam yana tasa a gefe. Duk hayaƙin da na hango, na masu ƙona shara ko na mai gasa nama, sai in ɗauka motar ce. Na riƙa tunanin yadda zan koma gidan nan in tsaya gaban mutanen da ke zaune, in ce musu a ƙaro kujeru.

Bayan gidaje sun fara ragewa, inda ake hango kogi ta hagu, muka gan ta. Tana gefen hanya, ƙofofi huɗu a buɗe, wani siririn hayaƙi yana fita ta ƙarƙashi. Babu kowa a ciki. Ban san lokacin da na fita daga motar Malam ba.

Suna can nesa ƙarƙashin wata bishiya. Ƴar tana tsaye da makulli a hannu. Matar Yaya tana zaune a kan dutse, ta riƙe yaran biyu, ɗaya a kowane hannu. Ƴar ta ce ita ba ta ga komai ba, babu fitilar da ta kama, motar tana tafiya daidai. Mama ce kawai ta ce ta tsaya. Ta ce mata sun kusa, saura kaɗan. Mama ta daka mata tsawar da ba ta taɓa yi mata ba tun tana yarinya, ta ce ta kashe inji, ta fitar da yara, kada ta buɗe gaban motar. Da suka duba ƙasa, man yana zuba a kan bututun yana tafasa.

Na tambayi Matar Yaya yadda aka yi ta sani. Ta ce, "Warinsa na ji. Na ɗauka shi ne ya shigo motar. Sai na tuna ba ya wari haka sai ranar da buwat ta ƙone."

Sannan ta dube ni ta ce, "Mai Yawo, ni ma na duba kafin in shiga. Babu ƙyalle."

Na sa hannu a aljihu na fito da shi, don ashe tun daga igiya yana hannuna. Na gaya mata abin da ya faru. Ba ta zagi kowa ba. Ta karɓa, ta juya shi, ta kai hanci. Sabulu kawai. Matar da ba ta yi kuka a asibitin da aka kai gawarsa ba, ba ta yi a maƙabarta ba, a nan gefen hanyar Tondibiya ta yi shi, har yaran suka tsorata suka kama nasu. Malam ya juya baya yana kallon kogi.

Da ta gama, ta ce in ba ta hannu. Na tashe ta, muka taka har wurin motar, hayaƙin ya mutu. Ta sunkuya da gwiwar nan tata, ta dangwala ƙyallen a man da ya taru a ƙasa har ya jiƙe, ta zagaya ta ɗaura shi a bolan, ƙulli biyu, yadda yake yi. Ta ce wa ƴarta a nemo masu turawa.

Malam ne ya kai su Tondibiya. Gwaggo ta sha kunu rabin kofi a hannun Matar Yaya.

Motar tana tsakar gidan yanzu, inda ya bar ta, jan ta aka yi aka dawo da ita. Tsohon direban nan mai kallon akwati ya ce ya san wanda zai iya ƙarasawa, wani da ya koya a wurin Yaya a Kalle. Na ce ya zo, amma zai sa sabon juwan, ya yi ɗauri ɗaya, ya bar ta ta kwana. Ya ce ba haka ake yi yanzu ba. Na ce na sani, ni ma na taɓa faɗin haka.

Har yau idan na rufe ido zaren nan ja nake gani a kan hanya, kuma ban daina jin tsoro ba. Yaya, haƙurin da ban ba ka ba, ga shi a rubuce, a gaban mutane kamar yadda na yi maka laifin a gaban mutane. Ubangiji da ka bauta wa ya karɓe ka, ya ba ka hutu, ya riƙe matarka da ƴaƴanka. Waɗanda suka zo gaisuwa daga nesa da kusa, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Ƙyallen yana nan a ɗaure, kuma Matar Yaya ta ce ranar da aka gama, ita za ta kwance.